Yadda Za Ka Zaɓi Injin Fatsa Mai Sauƙin Kuɗi da Ƙarko Don Kamun Kifi a Teku

Da zarar damina ta ɗauke, teku ya fara lafawa a gaɓar Legas, sai saƙonni su riƙa shigowa daga abokan fatsa na nan Abuja, tambayar kuma ɗaya ce: wane inji zan saya in fita teku da shi a jirgi, wanda ba zai cinye mini albashi ba, kuma ba zai ba ni kunya a tsakiyar ruwa ba? Galibin masu tambayar ba baƙin fatsa ba ne. Sun saba da tafkin Jabi da dam ɗin Usuma, wasu har Shiroro da Kainji suke zuwa neman giwan ruwa, kuma kowa na da ɗan ril ɗinsa (injin naɗe zaren fatsa) da ya kama masa karfasa da tarwaɗa ba adadi. To wannan ril ɗin a bar shi a gida. Kowace litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kifin can yana gudu da zare yadda na dam ba ya yi, kuma idan inji ya cije kana nesa da gaɓa ranarka ta tashi a banza, ga kuɗin jirgi ka riga ka biya.

A bi matakan nan yadda suka zo. Yawancin asarar da ake tafkawa daga fara abu ta ƙarshensa ne: mutum ya ga inji mai ƙyalli a waya, ya tura kuɗi, sannan ya fara tambayar ko zai yi aiki.

1. Kira mai jirgi tukuna

Kafin ka duba farashin komai, nemi lambar wanda zai fita da ku, ka yi masa tambaya huɗu. Wane irin kamu za a yi? Zurfin ruwan mita nawa ne? Dalma mai nauyin nawa ake saukewa? Wane kifi aka fi samu a wannan lokacin?

Kamun cikin jirgi iri uku ne, kowanne da injin da ya dace da shi. Akwai wanda jirgi zai tsaya ko ya bi ruwa a hankali, ka sauke dalma da ƙugiya har ƙasa. Da shi ake samun kuroka, irin wanda ake gasa mana a kasuwar barikin Mogadishu, da jan kifin nan sinafa. Akwai jifa, inda za ka riƙa wurga kifin roba ko na ƙarfe kana jawowa, musamman kusa da duwatsun bakin mashigar tashar jiragen Legas, inda barakuda ke farauta. Sai na uku, wanda jirgi ke tafiya yana jan fatsa a bayansa, can cikin teku, don neman tuna da manyan kifaye masu gudu.

Ka kuma tambaye shi ko yana da kayan aro. Idan fitarka ta farko ce kuma yana da su, kada ka sayi komai tukuna. Yi amfani da nasa, ka ji nauyinsu a hannunka, ka ga wanda ya kwanta maka. Wasu ma a fitar farko suke gane cewa jiri da amai ba za su bar su su sake komawa ba, kuma gara a gane haka kafin a kashe kuɗi.

Gargaɗi: idan za a bi manyan kifaye masu dogon baki a can nesa, wannan ba harkar inji mai araha ba ce. Kayan jirgin za ka yi amfani da su.

2. Zaɓi ɗaya daga cikin iri biyu

Na farko shi ne mai rataye a ƙarƙashin sanda, wanda 'yan kasuwa ke kira sifinin. Kwarkwaronsa a tsaye yake, wata lanƙwasasshiyar waya ce ke zagayawa tana naɗe zaren. Shi kusan kowa ya saba da shi a Jabi. Jifa da shi ba wuya, zare ba ya cika cukurkuɗewa, kuma ana iya cire hannunsa a mayar dama ko hagu.

Na biyu yana zama a saman sanda, kwarkwaron da kansa ne ke juyawa, ana ce masa maltifulaya. Ya fi ƙarfin ɗago nauyi daga ƙasa, ya fi cin zare, kuma kana iya sa babban yatsa a kan kwarkwaro ka ji lokacin da dalma ta taɓa ƙasa. Matsalarsa guda: idan ka saki zare ba ka tare da yatsa ba, kwarkwaro zai ci gaba da gudu bayan dalma ta tsaya, zaren ya dunƙule ya zama abin da za ka shafe rabin sa'a kana warwarewa, sauran mutane suna ta kamu.

Ra'ayina a nan a fili yake. Mutumin Abuja da zai sayi inji ɗaya tak, ya ga teku sau biyu ko uku a shekara, sifinin ya dace da shi. Zai sauke ƙasa da shi, zai yi jifa, kuma idan ya dawo zai iya ɗaukarsa zuwa Kainji. Wanda ya san jan fatsa a bayan jirgi zai fi yi, ko zai riƙa sauke dalmar da ta haura giram 300 a ruwa mai ƙarfi, shi ne ke bukatar maltifulaya.

Gargaɗi: yawancin maltifulaya da hannun dama ake murza su, kuma ba a juya hannun. Bahago ya tabbatar da wannan kafin ya biya. Sannan sandar kowane iri daban take: ta sifinin zobbanta manya ne suna kallon ƙasa, ta maltifulaya ƙanana ne suna kallon sama. Kada ka haɗa inji da sandar da ba tasa ba.

3. Lissafa zare, shi zai faɗa maka girman inji

Mutane suna fara zaɓar girman inji sannan su nemi zare. A juya. Ka fara sanin ƙarfin zaren da tsawonsa, sai ka nemi injin da zai ɗauke shi.

Ana rubuta ƙarfin zare da fam, za ka ga lb a jikin kwali. Fam 30 kimanin kilo 13.6 ke nan, fam 50 kuma kilo 22.7. Don sauke ƙasa da jifa a kusa da gaɓa, saƙaƙƙen zare mai fam 30 zuwa 50 ya wadatar. Saƙaƙƙen ya fi lailon siranta nesa ba kusa ba, saboda haka ruwa ba ya jansa sosai, ba ya miƙewa, motsin kifi kaɗan za ka ji shi a hannu. Lailon ya fi araha kuma yana da talala, shi ya sa masu ja a bayan jirgi da yawa suke son sa, domin talalar tana rage ƙarfin fizgar farko.

Tsawo kuma, ninka zurfin ruwan sau uku aƙalla. Idan mai jirgi ya ce mita 40, kana bukatar 120 kafin a yi maganar gudun kifi da abin da zai tsinke a duwatsu. Shi ya sa nake cewa kada ya gaza mita 250 zuwa 300. Na ja a bayan jirgi, mita 400 zuwa sama.

A sifinin wannan yana kai ka ga lamba 5000 zuwa 8000. Amma lambobin nan kowane kamfani da nasa ma'auni. Daiwa BG mai lamba 5000 ya fi 5000 ɗin Shimano girma sosai. Kada ka dogara da lamba. Karanta abin da aka rubuta a jikin kwarkwaro, inda aka nuna mita nawa na wane zare yake ci, ka kuma duba nauyin injin. A maltifulaya ana kuma nuna girma da alama irin 4/0 ko 6/0: Penn Senator 113 shi ne 4/0, 114 kuma 6/0. Shimano TLD 25 yana cin sama da mita 500 na lailon mai fam 30.

Gargaɗi: sayen wanda ya fi bukatarka girma kuskure ne da ake yawan yi. Injin da ya doshi kilo ɗaya, kana jifa da shi tun hantsi, kafin azahar kafaɗarka ta gaya maka.

4. Birki: a nan kuɗinka ya kamata ya tafi

Birki shi ne abin da ke barin kifi ya ja zare da ƙyar maimakon zaren ya tsinke. Wasu faya-fayai ne a jere a cikin inji, na ƙarfe da masu laushi, suna gugar juna. Duk sauran kayan injin suna iya zama matsakaita ka ci kifi, amma birki mara kyau sai ya sa ka rasa babban kifin da ka yi tafiyar dominsa.

Masu laushin iri biyu aka fi samu. Akwai na wani abu mai kamar bargo, wanda ake sa wa ƙananan injuna. Yana da santsi yana sabo, amma zafi da matsi suna cinye shi. Akwai na kabon, wanda ke jure zafin doguwar fizga. Na kabon za ka nema. Penn suna kiran nasu HT-100, kuma za ka gan shi a rubuce a kwali.

Abin da ake so ga birki santsi ne, ba ƙarfi ba. Za ka ga inji mai arahar gaske an rubuta masa birkin kilo 25 ko 30. Ko da gaskiya ne, ba ka da abin yi da shi. Mutum a tsaye cikin jirgi mai tangaɗi, babu ɗamarar da ke riƙe sanda, kilo bakwai ma ba ƙaramin aiki ba ne ya riƙe na tsawon lokaci. Ƙa'idar da masu fatsa suke bi ita ce a saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Zare mai fam 30, kilo uku da rabi zuwa huɗu da rabi ke nan. Injin da zai saki zare a kilo biyar sumul, ba tsayawa ba fizga, ya fi wanda zai riƙe ashirin yana cijewa yana saki. A daidai cijewar nan zare ke tsinkewa ko ƙugiya ta yage bakin kifi.

A maltifulaya birkin iri biyu ne. Mai tauraro, wanda ake murzawa a gindin hannu, ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Mai liba kuma kana tura shi gaba ko baya, kana ganin inda yake da ido, kuma kana iya komawa daidai inda ka saita ko ana tsakiyar kokawa da kifi. Don sauke ƙasa mai tauraro ya isa. Don ja a bayan jirgi mai liba ya fi.

5. Jiki, giya da boris

Jikin inji ko alminiyam ne ko wata roba mai tauri da ake kira girafait. Alminiyam ba ya lanƙwasa idan nauyi ya hau, don haka haƙoran giya suna zama daidai, amma idan fenti ya kankare gishiri yana cin sa. Girafait ba ya tsatsa ko kaɗan kuma ba shi da nauyi, sai dai mai araharsa yana murɗewa a ƙarƙashin babban kifi. A sifinin mai lamba 5000 zuwa sama na fi son jikin ƙarfe. A maltifulaya girafait mai kyau yana aiki, jikin TLD ma da shi aka yi. Wanda aka yi da maganiziyam kuwa, idan kamfanin bai rubuta ƙarara cewa na ruwan gishiri ne ba, ka wuce shi.

Giya za ka ga an rubuta kamar 4.1:1 ko 6.2:1, ma'ana murzawa ɗaya tana naɗe zare sau huɗu da ɗoriya, ko sau shida da ɗoriya. Mai babbar lamba ya fi sauri, mai ƙarama ya fi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa bin tirela mai lodi a Hawan Kibo ya san ba da babbar giya ake hawa ba. Ɗago dalma mai nauyi da kifi daga mita 50 hawa ne. Tsakanin 4 da 5 da 'yan kai ya fi daɗin aiki a ƙasa. Mai 6 na masu jifa ne da ke son kifin roba ya yi gudu.

Sai boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke sa inji ya juya sumul. Nan ne 'yan talla suka fi yaudarar mutane. Za ka ga yawan boris kamar 13+1, 17+1, an rubuta da manyan lambobi a kan injin da kuɗinsa bai kai na zaren da za a ɗaura masa ba. Boris biyar na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu murfi, sun fi goma sha bakwai na banza, domin kowane ƙarin boris mara kyau ƙarin wurin da gishiri zai kama ne.

Wasu injuna an sa musu robobin toshe ruwa, ana nuna haka da alamar IPX da lamba. Penn Spinfisher VI yana da IPX5, wato yana jure feshin ruwa. A ƙaramin jirgi buɗaɗɗe da igiyar ruwa ke fantsamo wa, wannan abin so ne idan aljihu ya kai. Ba ya nufin a tsoma inji cikin teku.

Gargaɗi: wasu maltifulaya suna da ɗan ƙarfe mai kai da kawo yana jera zare da kansa. Yana taimakon sabon shiga, kuma a sauke ƙasa ba laifi. Amma shi ne abin da ya fi saurin lalacewa idan yashi ya shiga ko babban kifi ya fizga da gudu. Na ja a bayan jirgi a sayi wanda ba shi da shi, a jera zaren da yatsa.

6. Raba kuɗin

Da dala zan yi magana, domin kayan nan duk daga waje suke, farashinsu a naira kuma yana bin canji. Ka ɗauki farashin ranar a wajen 'yan canjin Zone 4 ka lissafa, sannan ka ƙara kuɗin kawowa.

A shagunan Amurka, ƙasa da dala 100 ana samun irin su Penn Pursuit, mai jikin girafait, da wasu na Okuma. Suna aiki idan kamun na kusa da gaɓa ne kuma ana wanke su. Tsakanin dala 100 da 200 nan ne alherin yake: Penn Battle da Daiwa BG a sifinin, dukansu masu jikin ƙarfe, sai Penn Squall da Senator a maltifulaya, Shimano TLD kuma a wajen ƙarshen wannan zangon ko sama kaɗan. Daga nan farashi ke hawa har ya kai irin su Shimano Stella da Daiwa Saltiga masu dala dubu, waɗanda aka yi wa masu kwana a teku, ba mai zuwa hutun ƙarshen shekara ba.

Senator yana da wata fa'ida da ta shafe mu musamman. Tun 1936 ake ƙera shi, cikinsa ba wuya, kayan gyaransa suna ko'ina a intanet, kuma duk mai haƙuri da sukundireba zai iya buɗe shi ya mayar. Yana da nauyi, ba shi da kyan gani, amma ga wanda ke zaune inda babu mai gyaran ril, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada inji ya cinye kuɗin gaba ɗaya. Kamar rabi nake ba shi, sauran ya tafi ga sanda, zare, ƙugiyoyi, dalma, da ɗan mai da giris. Inji mai kyau da ruɓaɓɓen zare asara ce biyu.

7. Inda za a saya, da yadda ake gane jabu

Kayan kamun kifi da aka fi gani a kasuwanninmu na ruwan daɗi ne: raga, ƙugiya, lailon, ƙananan injuna. Na teku sai ka nema a Legas, ko ka yi oda ta intanet, ko ka ba wani mai dawowa daga waje saƙo. Ta ukun ta fi sauƙi idan ka samu, sai dai ka tura masa cikakken suna da lamba da hoto, kada ka ce masa kawai "babban ril". Idan oda ce, ka yi ta aƙalla wata ɗaya da rabi kafin tafiya.

An ce araha ba ta ado, kuma a wannan kasuwa jabu sun yi yawa, da sunan kamfani da kalarsa da komai. Idan ka ga sabon injin da ake sayarwa dala 150 an sa shi a kwatankwacin dala 40, ba sa'a ka taka ba. Hanyar da ta fi kama su ita ce sikeli. Shiga shafin kamfanin ka ga nauyin wannan lambar, ka ɗora naka a sikelin kicin. Bambancin giram kaɗan ba komai, amma na giram hamsin ko ɗari yana nuna abin da ke ciki ba shi ba ne. Na asali kuma yana zuwa da takarda mai zanen kowane ɗan ƙarfe da lambarsa. Adana takardar nan, da ita za ka yi odar kayan gyara.

Na hannu yana iya zama riba, musamman tsohon Senator ko TLD ko Abu Garcia Ambassadeur 7000. Amma sai ka riƙe shi da hannunka. Duba gindin kusoshi da ƙarƙashin ƙafar inji: farin gari ko fenti da ya kumbura alama ce gishiri ya riga ya shiga. Ce wa mai shi, "Alhaji, a ɗan cire mini kwarkwaron in gani." Idan ya ƙi fita, ko mai kayan ya fara kame-kame, ka yi masa godiya ka tafi. Kawunan kusoshi da suka cinye kuma suna nuna wani ya taɓa buɗewa da ƙarfin tsiya.

8. Gwajin minti biyar kafin ka biya

Murza hannu a hankali sosai, ido a rufe idan ka ga dama, ka ji ko akwai inda yake gurzawa ko yake ɗan tsayawa. Sai ka tsaya cak ka mayar da hannun baya: a sifinin bai kamata ya motsa ba. Kama kwarkwaro ka girgiza shi gefe da gefe, kada ya yi lako-lako. Buɗe lanƙwasasshiyar wayar da ke naɗe zare ka rufe sau da yawa, ta riƙa faɗawa da ƙarfi. A gefenta akwai wani ɗan gare da zare ke bi ta kansa. Taɓa shi da tsinken sakace ka ga yana juyawa. Shi ne abu na farko da gishiri ke kashewa, kuma idan ya tsaya sai ya riƙa murɗe zare yana cin sa.

Bi leɓen kwarkwaro da farce. Ƙaramar tsaga da ido ba ya gani tana yanka saƙaƙƙen zare. A ƙarshe ɗaure birki kaɗan ka juya kwarkwaro da hannu, ka ƙara ɗaurewa ka sake juyawa. Ƙarfin ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali, ba daga sako-sako ya koma ƙam lokaci guda ba.

9. Ɗaura zare ka saita birki tun a gida

Saƙaƙƙen zare yana da santsi. Idan ka ɗaura shi kai tsaye a kan ƙarfe, duk dunƙulen zai riƙa juyawa a kan kwarkwaro, ka zaci birki ne ya lalace. Fara naɗa lailon mita goma zuwa ashirin, ko ka zagaya salatif ɗin masu gyaran wuta sau biyu, sannan ka haɗa. Wani ya riƙe maka abin da zaren ya zo a kai, kai kuma ka matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma kana naɗewa. Sai ya naɗu tamau, yadda idan ka danna da yatsa ba zai lotsa ba. Wanda aka naɗa sako-sako yana nutsewa cikin kansa idan kifi ya ja. Ka tsaya saura kamar milimita biyu ya kai leɓe.

A bakin zaren ƙulla lailon mai kauri, fam 60 zuwa 80, tsawon mita ɗaya zuwa biyu, saboda gugar duwatsu. Inda barakuda yake a ƙara guntuwar waya, haƙoransa suna datse lailon.

Yanzu birki. Ba sai ka sayi ma'auni ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Idan zarenka mai fam 30 ne, zuba lita huɗu a jarka. Mai fam 50 ne, lita shida zuwa bakwai. Ɗora inji a sanda, zura zare ta duk zobban, ɗaure shi a hannun jarka a tsakar gida. Ɗaga sandar a hankali, a karkace, ba a miƙe sama ba. Idan jarka ta tashi zare bai fita ba, sassauta. Idan zare na zuba jarka ba ta motsa ba, ƙara ɗaurewa. Inda ake so shi ne jarka na shirin barin ƙasa, zare ya fara fita a hankali yana ƙara. Saurari ƙarar: ta zama ɗaya, ba mai yankewa ba. Ja zaren da hannu daga bakin inji sau da yawa don hannunka ya haddace wannan nauyin, ka sa safar hannu ko ka naɗa shi a guntun itace.

Gargaɗi: kada ka taɓa naɗa saƙaƙƙen zare a yatsa ka ja, yana yanka har ƙashi. Kuma idan kifi ya gudu da zare mai yawa, kada tsoro ya sa ka ƙara birki. Duk yadda zare ke raguwa a kwarkwaro, ƙarfin birkin ƙaruwa yake da kansa. Idan kaurin naɗin ya ragu da rabi, birkin ya ninka.

10. Hanya da cikin jirgi

Idan ta sama za ka bi, ƙugiyoyi da wuƙa da filaya su shiga jakar da za a auna. Naɗe injin da tawul, ka cire hannun sifinin ko ka lanƙwashe shi ciki. A cikin jirgin ruwa kada ka ajiye shi a ƙasa inda ruwa da yashi ke taruwa, kuma idan ana ja a baya a ɗaure injin da igiya a jikin jirgi. Rigar hana nutsewa kuwa kafin a tashi ake sa ta.

11. Wanki da ajiya

Injin mutumin Abuja ba a teku yake mutuwa ba, a cikin durowa yake mutuwa. Wanda ke Legas yana fita kowane mako, yana murzawa, yana lura. Kai za ka dawo a gajiye, ka jefa jaka a sito, sai bayan wata biyar ka buɗe ka tarar hannu ya ƙi juyawa.

Wankin farko a ranar za a yi shi, a masauki, ba sai an dawo gida ba. Ɗaure birki tamau don kada ruwa ya shiga tsakanin faya-fayan. Yayyafa ruwan famfo a hankali, ko ka zuba da kofi, har kan zaren. Kada ka sa ruwa mai ƙarfi, kada ka tsoma a bokiti, dukansu tura gishiri ciki suke yi. Girgiza, goge da tsumma, ka bar shi a inuwa ya sha iska. Idan ya bushe sai ka sassauta birkin gaba ɗaya. Birkin da aka bari a ɗaure wata da watanni faya-fayansa suna mannewa, daga nan cijewa ke farawa.

Da ka iso Abuja, cire kwarkwaro ka goge ƙarƙashinsa da sandar da yake hawa. Ɗiga mai ɗigo ɗaya a garen zare, da mahaɗar wayar nan ta ɓangarori biyu, da mariƙin hannu. Idan babu man ril, man keken ɗinki zai tsaya maka na ɗan lokaci. Kusoshin waje, kwance su ɗaya bayan ɗaya ka shafa musu giris ka mayar, domin inda ƙarfe iri biyu suka haɗu da gishiri nan ne suke mannewa har abada. Giris ɗin injin jirgin ruwa yana yi wa giya da kusoshi, amma faya-fayan birki nasu giris daban ne, kada ka shafa musu wannan.

Gargaɗi: WD-40 na goge waje ne. Idan ka fesa shi ciki, narkar da giris zai yi ya bar giya a bushe. Fetur kuma yana lalata robobi.

Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, idan ta haɗu da giris kuma ta zama abin gurza ƙarfe. Sa injin a jakar yadi ko tsohuwar safa, ba leda ba, domin leda tana riƙe danshi. Kada ya zauna a but ɗin mota, zafin watan Maris yana kashe lailon. Duk wata ka ɗauko shi ka murza na minti ɗaya. Sau ɗaya a shekara a buɗe shi a wanke a sa sabon giris, kana ɗaukar hoto da waya a kowane abu da ka cire, kana jera su a farin tsumma yadda suka fito. Idan ba ka yarda da hannunka ba, mai gyaran keken ɗinki ko agogo mai natsuwa zai iya, muddin ka ba shi takardar zanen nan.

Saura wata ɗaya da rabi tafiya ta gaba, sake gwajin jarka, ka yanke mita biyar na bakin zaren, ka duba garen. Idan akwai abin da ya mutu, kana da lokacin yin odarsa ya iso.